Kirgi ko fatar kamfani: abin da za ka saya kafin ka ɗinka gidan ƙaramar bindiga

Badukun da ya saba ɗinka kuben wuƙa zai ɗauka gidan ƙaramar bindiga ƙanin wannan aiki ne. Akwai kama, amma ita bindiga sai fatar ta ɗauki siffarta sak, ta rufe kunama ruf, bakin gidan kuma ya tsaya a buɗe ko bayan an zare ta. A Nijeriya galibin masu kawo irin wannan aiki jami'an tsaro ne, domin dokar makamai ta 1959 ta sa fistol, wato ƙaramar bindiga, cikin makaman da ba a mallaka sai da lasisin shugaban ƙasa. Kenan wanda zai ɗaura abin da ka ɗinka, wuni zai yi da shi a ƙugu, cikin rana da gumi.

Kuɗinka mafi yawa ya tafi kan fata, kuma tambayar farko ita ce da me aka jeme ta. Fatar da kamfanonin Challawa da Sharada ke fitarwa a Kano yawanci jimar sinadarin kuromiyam ce: tana da laushi, ga sheƙi, ta dace da takalmi da jaka. A wannan aiki ba ta da amfani. Ko ka jiƙa ta ka matsa, da ta bushe za ta koma yadda take, sannan idan ta sha damshi tana iya jawo wa ƙarfen bindiga tsatsa. Wadda ake nema ita ce jimar itace, irin ta bagaruwa da majemanmu ke yi, ko ta ɓawon itatuwa da kamfanin Hermann Oak na Amurka ke yi tun 1881. Irin wannan idan ta sha ruwa takan yi laushi kamar yumɓu, in ta bushe ta ƙame a siffar da ka ba ta.

Gane su a kasuwa ba wuya. Ka ce mai kaya ya yanko maka ɗan gefe. In cikin yankan ya yi toka-toka mai shuɗi, ta kuromiyam ce. In ya yi ruwan ƙasa, ka ɗiga ruwa ya shige, ka danna farce shatin ya zauna, to ka samu.

Na san zuciya za ta karkata ga fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, wadda Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko saboda ta can take biyowa zuwa wurinsu. Fata ce ta alfahari, amma ta yi siriri. Ka ajiye ta don shafin ciki ko ado. Jikin gidan sai kirgi mai kaurin milimita 3 zuwa 3 da rabi. Idan daga waje za ka yi oda, za ka ga an rubuta oza 7 zuwa 8 ko 8 zuwa 9, kowace oza kusan milimita 0.4 ce. Ka nemi ɓangaren kafaɗa ko gadon baya, ka guji na ciki ko da ya fi araha, don yana miƙewa.

Tsakanin kirgin gida da na waje fa? Na gida ya fi sauƙin kuɗi kuma za ka taɓa shi da hannunka kafin ka biya, sai dai kaurinsa ba ya zama ɗaya, sau da yawa da tabon kaska ko na lalas, wani kuma an cika masa mai har ya yi taushi. Mai kyau ma yana wuyar samu, tunda fatar shanu da yawa a tukunyar ganda take ƙarewa. Na waje kauri ɗaya ne daga farko har ƙarshe, amma da dala ake sayensa. Shawarata, mai koyo ya ɓata gida uku ko huɗu da kirgin gida tukuna.

A rini za ka iya tsuke aljihu. Rinin Fiebing's mai sinadarin barasa yana ratsa fata sosai kuma yana saurin bushewa, amma yana busar da ita, in ba ka goge ragowar ba kuma zai ɓata wa mutum kaki. Na ruwa, irin Eco-Flo na Tandy, ba shi da wari, sai dai ya fi zama a sama. Idan baƙi ake so, kuma shi jami'ai suka fi nema, dabarar dukawanmu ta isa: ruwan da aka tsima ƙarfe a ciki. Da ya haɗu da sinadarin bagaruwa da ke cikin fatar sai ta koma baƙa har ciki, babu zuba. Masu wannan sana'a a Amurka ma haka suke yi da ruwan khal da zaren ƙarfe. Karan dafi yana ba da ja mai kyau, amma ya fi dacewa da kube.

Wajen gamawa ne da yawa ke yin ɓarna. Hannun baduku ya saba da shafa mai, alhali man gyaɗa ko man shanu mai yawa zai sa gidan ya saki, bakinsa ya lanƙwashe har ya iya taɓa kunama. Shafa ɗaya mara nauyi ta isa. Sai ka zaɓa tsakanin kakin zuma, wanda ke buƙatar sabuntawa lokaci-lokaci, da Resolene, wani sinadarin rufe saman fata da ake sirkawa rabi da rabi da ruwa, wanda ya fi tare gumi. Ga wanda zai yi aiki a zafin Maiduguri, na biyun zan ɗauka.

Zare kuwa na nailan mai kaki, da basilla da allura biyu. Na auduga gumi zai cinye shi.

Saura abin da za ka matsa fatar a kai. Ana sayar da bindigar roba shuɗiya mai siffar samfura daban-daban, don haka sai ka tambayi mai aikin ainihin samfurin tasa kafin ka yi oda, gidan Glock ba zai karɓi Beretta ba. In roba ta yi tsada, masassaƙi zai iya fitar maka da ta katako bisa awo, ka naɗe ta da leda kafin ka ɗora jiƙaƙƙiyar fata, ka bar ta ta bushe a inuwa.