Shagon buga fosta a Yelwa: aikinsu tsaf, sai dai sun tuɓe wa mata digiri

Masu neman inda za su buga fostar bincike a Bauchi, akwai wani shago a Yelwa da na kai wa aikin sashenmu na kimiyyar sinadarai. Taron ranar mata da 'yan mata a fannin kimiyya muke shiryawa, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa 11 ga Fabrairu tun 2015. Fosta babba, girman A0, da katunan suna na rataya a wuya.

Gaskiya sun iya bugu. Launukan jadawalin ba su dushe ba, ƙananan lambobin da ke ƙasan H₂SO₄ sun zauna a inda ya dace, haruffan ƙ da ɗ ma ba su rikiɗe sun zama akwatuna ba. Wanda ya taɓa buga aikin kimiyya a garin nan ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Da aka ɗauke wuta suka tayar da janareta ba tare da ƙarin kuɗi ba.

Katunan suna ne suka ɓata min rai. Mun ba su jerin sunaye, kowa da muƙaminsa. Mazan duk sun fito da Dr. ko Prof. ɗinsu, matan kuwa yaron da ke kan kwamfuta ya mayar da mu Mrs. gaba ɗaya, har da wata abokiyar aikina da ba ta yi aure ba. Wai gani ya yi hakan ya fi girmamawa. Da na je karɓa, mai shagon ya duba rasiti ya ga "Dr. H. Musa", sai ya ce, "Hajiya, ki gaya wa Dakta ya leƙo da kansa ya duba." Na ce, "Alhaji, ai ni ce." Bakinsa ya mutu na ɗan lokaci.

Ba na ƙin a kira ni Hajiya, a unguwa ma haka ake kirana. Amma katin taro ba gidan biki ba ne. Tun 1985 Farfesa Grace Alele-Williams, masaniyar lissafi, ta zama shugabar Jami'ar Benin, a ce har yau ana jin Dakta sai a hango mai babbar riga?

Ya ba da haƙuri, ya sake bugawa kyauta kafin la'asar. Zan koma, amma da PDF zan je, kuma sai na ga samfur kafin su taɓa injin.