Dimokiritus da Aristotil: Mene Ne Daɗaɗɗe a Wurin Kowannensu?

Wani ɗan'uwa ya tambaya ko Dimokiritus da Aristotil, masana falsafa na tsohuwar Girka, magana ɗaya suka yi, tunda an ce duka biyun sun musanta cewa an fari duniya. Malam, tushensu ɗaya ne, amma sun raba hanya tun da wuri.

Tushen shi ne ƙa'idar Farminidis, mutumin Eliya a kudancin Italiya, a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS): babu abin da ke fitowa daga babu, kuma samamme ba ya komawa babu. To in haka ne, ta yaya itace ke zama toka? Nan kowa ya kawo tasa.

Dimokiritus na garin Abdera, wanda aka haifa wajen 460 kafin Annabi Isa, ya ce abu biyu ne kawai ba su da farko: ƙwayoyin zarra da ba sa rabuwa, da sararin wofi da suke yawo a ciki. Bambancin abubuwa daga siffar ƙwayoyin ne, da jerinsu, da yadda suka kwanta, kamar yadda harafin A ya saɓa da N, ko AN ya saɓa da NA. Ƙonewa watsewar ƙwayoyi ce kurum. A wurinsa duniyar nan tamu tana da farko, za ta kuma rushe, kuma akwai wasu duniyoyi marasa adadi. Kayan ginin ne ba sa ƙarewa.

Aristotil (384 zuwa 322 kafin Annabi Isa) bai yarda da ko ɗaya ba. Ya ce babu sararin wofi, kuma kowane jiki ana iya ta raba shi ba iyaka. Ƙasa, ruwa, iska da wuta suna rikiɗa zuwa juna, amma akwai asalin da ke ɗauke da rikiɗar, wanda malaman Larabawa suka kira hayula. Duniya ɗaya ce tak, kuma ita kanta da tsarinta daɗaɗɗiya ce. Hujjarsa ta fi ta Dimokiritus kaifi: kowane "yanzu" ƙarshen lokacin da ya wuce ne kuma farkon mai zuwa, saboda haka ba a samun "yanzu" na farko. Duk da haka ya tabbatar da Mai motsarwa da ba ya motsi, sai dai bai ce Shi ya halicci asalin ba.

Inda hujjar ke yin rauni shi ne ƙirga. Yahaya Nahawi na Iskandariyya ya taso da wannan suka a ƙarni na 6 bayan Annabi Isa, sannan Imam Gazali (ya rasu 1111) ya sa mas'alar a farkon littafinsa Tahafutul Falasifa, yana mayar wa Ibn Sina da Farabi, masu bin tafarkin Aristotil, martani. A lissafin zamanin, rana tana zagayawa sau ɗaya a shekara, tauraron Zuhal kuwa sai shekara 30. In duniya ba ta da farko, zagayen kowannensu ba shi da iyaka, alhali na rana ya ninka na Zuhal sau 30. Ta yaya marar iyaka zai fi wani marar iyaka yawa?

Abu ɗaya da ake yawan ruɗewa a kai: yarda da ƙwayar zarra ba ta nufin bin Dimokiritus. Malaman Ash'ariyya sun karɓi jauharul fard, ƙwayar da ba ta rabuwa, amma suka ce fararriya ce, kuma adadinta yana da iyaka.