Sharhi: Sarrafa kwamfutar haya ta nesa daga Argungu a kan intanet mai rauni

Ina riƙe wa wasu dillalan shinkafa littattafan lissafi, kuma manhajar da nake aiki da ita ta fi ƙarfin tsohuwar kwamfutata. Shi ya sa na yi hayar kwamfutar kwaikwayo, wadda masu harkar ke kira VM, a wata saba, wato babbar kwamfutar da ake haya ta intanet, da ke Frankfurt ta ƙasar Jamus, ina shiga ta da datar waya. Aikin duka can ake yin sa. Hoton allo kaɗai ke zuwa gare ni.

Abin da ya fi tasiri shi ne jinkirin zuwa da dawowa, fiye da yawan datar da layi ke iya ɗauka. Duk harafin da na danna sai ya bi ta Legas, ya ratsa wayar ƙarƙashin teku zuwa Turai, sannan hotonsa ya dawo, tafiyar da kan wuce milisakan 100 ko da sabis yana da kyau. Da yamma kuwa, idan jama'a suka yi wa layi yawa, sai in rubuta sunan mai kaya gaba ɗaya kafin harafin farko ya bayyana.

Na gwada hanyoyi uku na sarrafa kwamfuta daga nesa: VNC, SPICE da RDP. VNC na fara gwadawa, domin shi ne ya zo a shirye cikin burauza. Tsarinsa shi ne aika ɓangarorin allon da suka canja a matsayin hoto, saboda haka idan na gangara ƙasa a dogon jadawali, shafin yakan zanu ne daga sama zuwa ƙasa, layi bayan layi. Ya isa a gyara matsala cikin gaggawa, amma bai dace da aikin yini ba. SPICE, wanda kamfanin Red Hat ya saki a buɗe ga kowa a 2009, yana da kyau tsakanin kwamfutocin ofis guda, sai dai nisa yana yi masa nauyi.

RDP na Microsoft ne ya fi gamsar da ni. Yana adana abubuwan da ya riga ya aiko don kada ya maimaita su, kuma tun daga fitowa ta 8 yana iya amfani da UDP, wata hanyar aika bayanai a intanet, wadda ke rage tsaiko idan bayanai suna ɓacewa a hanya. Amma sai da na rage masa kaya: na sauke launi daga bit 32 zuwa 16, na cire hoton bango da motsin tagogi, na kuma rage allo daga 1920×1080 zuwa 1280×720, wanda bai kai rabin ɗigon hoton farko ba. Da wannan, lambobi suna fitowa tsaf, linzami kuma yana bin hannu.

Bidiyo da zane mai nauyi ba sa tafiya ko da an yi duk wannan. Ga mai lissafi ko rubutu a Kebbi, ina ba da shawarar RDP, kuma a nemi sabar da ke Legas kafin ta Turai idan farashi ya yi daidai.