Shagon abincin dabbobi na wajen babbar kasuwar Birnin Kebbi

Masu kiwo, akwai wani shago da nake sayen abincin kaji wajen babbar kasuwa, gaskiya ajiyarsu ta burge ni. Buhuna duk kan katako suke, an janye su daga bango, ka tura hannu cikin dusar shinkafa ka ji ta a bushe ƙamas ba warin fumfuna ko da tsakiyar damina ne. Tunkuzarsu ma haka.

Suna kawo abincin karnuka na waje a leda, wani da 'yar alama koriya kamar tsiro cikin da'ira mai nuna an haska shi, to mutane da sun ji an ce an haska shi da hasken gamma sai su ja da baya wai guba ce. Ba haka ba ne wallahi. Hasken ratsa abincin yake ya kashe ƙwari da ƙwayoyin cuta irin su salmonela, ba ya zama a ciki, kuma bisa doka ake yi, a Amurka hukumar abinci da magunguna ta FDA ta ƙayyade na abincin kaji daga kGy 2 zuwa 25 (kGy ma'aunin yawan hasken ne), mu ma nan Najeriya akwai irin wannan na'ura a Sheda kusa da Abuja. Amma masu kyanwa ku kula, a Ostireliya kyanwoyi sun shanye bayan cin abincin da aka haska da ƙarfi, har ƙasar ta hana haska abincin kyanwa a 2009. Da na faɗa wa Alhaji mai shagon sai ya ce "ranka ya daɗe ai gara da ka gaya min", ya sa yaro ya duba ledojin.

Abin da ya fi damuna shi ne fumfuna, don haskawa ba ta cire gubar aflatoksin da fumfuna ke haifarwa in ta riga ta kama gyaɗa ko masara, ita ce ta kashe talotalo wajen 100,000 a Ingila a 1960. Shi ya sa katakon nan ya fi min komai a shagon.

Inda suka gaza: in ka sayi na awo a kwano sai a zuba maka a baƙar leda, ba sunan kamfani ba ranar lalacewa ba lambar NAFDAC, sai ka matsa a nuna maka buhun. Kuɗinsu ma ya ɗan ɗara na cikin kasuwa, sai dai suna ragi in buhu za ka ɗauka.