Algaita da sarewa: aikin hujin ɗaya ne, bakin ne ya bambanta

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa mai algaita da mai sarewa duk suke wasa da yatsu a kan huji, amma muryar kayan nasu ba ta kama da juna. Ga abin da na fahimta.

Hujin ba shi ke yin amo ba. Iskar da ke cikin bututun ce ke kaɗawa, tsawonta kuma shi ke ƙayyade kaurin murya. Idan mabushi ya toshe hujin duka, iska sai ta bi bututun har ƙarshe, murya ta yi kauri. Da ya ɗaga yatsan ƙasa, iskar ta samu mafita kusa, bututun ya zama kamar an gajarta shi, murya ta yi siriri. Nan algaita da sarewa ba su da bambanci, yawanci ma huji 4 kowacce ke da shi.

Bambancin yana baki. Sarewa kara ce ko gora, makiyayi na hura iska a gefen bakinta, iskar ta tsage a kan kaifin. In ya ƙara ƙarfin hurawa, yatsu na nan inda suke, sai murya ta tsallaka sama. Shi ya sa huji kaɗan ke ba shi muryoyi da yawa. In ya toshe rabin huji kuma, ya samu wata a tsakani.

Algaita kuwa ɗan haki ne mai harshe biyu ke karkarwa a cikin bakin mabushi, leɓɓansa na jingine da faifan ƙarfe. Ranar hawan Sallah ka tsaya kusa da mai algaita a ƙofar fadar Zazzau ka dubi kumatunsa: sun cika tam kamar salka, yana shaƙar iska ta hanci, busar ba ta yankewa. Tun da amon ba ya tsayawa, yatsu ne ke rarraba shi, su ne ke fitar da kirari. Ni a ganina aikin yatsa ya fi nauyi a nan.

Kakaki da ke gefen mai algaitar ba shi da huji ko ɗaya. Tsawonsa ba ya canzawa, don haka muryoyinsa kaɗan ne, da matse leɓe kawai ake hawa daga wannan zuwa waccan.