Telegram da lissafin tattabaruna

Shekara shida ke nan ina kiwon tattabaru a bayan gida, kuma da a littafi nake rubuta komai: ranar da uwa ta yi ƙwai, ranar da ta kwanta, wanda ya ƙyanƙyashe da wanda ya lalace. Ruwan damina ɗaya ya ratsa rufin akurki ya jiƙa littafin nan, tawada ta narke tas. Na gwada wata manhaja da ɗan ƙanena ya saka min, talla ta cika ta, na goge.

Yanzu Telegram nake amfani da shi. Na buɗe tasha ta sirri, daga ni sai abokai huɗu 'yan kiwo. Hoto, bidiyo, bayani, duk can suke zaune, ba a cikin waya kaɗai ba. Da na canja waya bara, lambata kawai na saka, komai ya dawo. Fayil ɗaya har gigabayit 2 yana shiga kyauta.

Abin da ya fi min daɗi kuwa shi ne tsara saƙo ya fito a ranar da ka zaɓa. Tattabara kwana 18 take kwanci, don haka ranar da uwa ta zauna kan ƙwai nake saita tunatarwa. Ranar ƙyanƙyasa wayar ta yi ƙara, in leƙa tukunyarta.

Matsalar ɗaya ce: mutanenmu WhatsApp suka saba da shi. Dattijon da ya koya min kiwon har yau cewa yake, "Ɗana, turo min ta wancan dai."