Wasiƙa daga Rotadam: masu tare teku da masu guje masa

Yaya, bayan gaisuwa da fatan iyali suna lafiya. Ka tambaye ni yadda muke samun barci a garin da ruwa ya fi gidaje tudu. Tun da na zauna a gaɓar tekun Japan kafin aiki ya dawo da ni Holan, bari in auna maka su biyun.

A nan Holan hukuma ce ta ɗauke wa mutum nauyin. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar a ƙasa da teku yake, kuma ambaliyar 1953, wadda ta ci rayuka 1,836, ita ta sa suka duƙufa gina madatsu. Na je na ga ta Maeslant da aka buɗe a 1997 a bakin mashigar Rotadam. Ƙofofi ne biyu na ƙarfe, kowace tsawonta mita 210, suna kwance a gefe jiragen ruwa na wucewa. In aka hango ruwa zai hau mita 3, kwamfuta ce ke ba da umarni, su yi iyo su haɗu a tsakiya, a cika su da ruwa su nutse su toshe hanya. Ba kyauta ake yi mana ba. Akwai hukumomin ruwa 21, da zaɓensu da harajinsu daban, takardar kuwa ba ta ɓatan hanya, kowace shekara sai ta iso. Ran Litinin ɗin farko ta kowane wata, ƙarfe 12 na rana, ake gwada jiniya, ba wanda ke ɗaga kai.

Abin da ya fi tsaya min a rai ke nan. Tambayi maƙwabcina ina zai nufa in bangon da ke tare teku ya karye, sai ya yi dariya ya ce ai ba zai karye ba.

Japan ba su yarda da wannan maganar ba, domin sun gani da idonsu. A ranar 11 ga Maris 2011 igiyar tsunami ta haure bangon garin Taro mai tsayin mita 10, kuma a faɗin gaɓar mutum fiye da 18,000 suka mutu ko suka ɓace. Amma a garin Kamaishi kusan duk 'yan makaranta sun tsira, saboda an riga an koya musu kowa ya ruga tudu, kada ya tsaya jiran kowa. Sun sake gina bangaye, wasu masunta na ƙorafi an raba su da ganin teku, sai dai horon bai tsaya ba. Ofishin gari na ba da taswira mai launi da ke nuna iya inda ruwa zai kai a unguwarka, a jikin turakun lantarki kuma an rubuta tsayin wurin daga teku. Kowace 1 ga Satumba ranar atisaye ce.

Wajen kayan tanadin bala'i kuwa, Japan ta yi wa Holan fintinkau. Kanti na musamman ba sai ka nema ba, babban shago ma yana da ɓangarensu: jakar gudu a haɗe, ruwan gora da ke shekara 5 bai lalace ba, busasshiyar shinkafa da ruwan sanyi kaɗai ke jiƙa ta ta ciwu, rediyon da ake murzawa da hannu har ya yi cajin waya, da bayin tafi-da-gidanka, leda da hodar da ke daskarar da ƙazanta. Wannan na ƙarshen shi mutane ke raina wa, alhali shi ake fara nema in famfo ya ɗauke. A nan gwamnati ta fara cewa kowa ya tanadi abin da zai riƙe shi kwana 3, amma sai na bi shago-shago ina tsintar kayan ɗaya bayan ɗaya.

Inshorar gida ma ka karanta ta da kyau: galibi a nan ba ta biyan ɓarna in babban bangon teku ne ya karye.

Ka gaida Inna, ka ce mata a hawa na uku nake.